Bugun Zuciya Da Zaman Shago: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya Mazauna Gombe



Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan wuri. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, da samarinmu da ke can baya, muna gaishe ku gaisuwar girma, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Shugabanni sun ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan lafiyar jiki. Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne kamar yawancinku. Abin da muka tattaro daga bakin masana da rubuce-rubucensu shi za mu kawo muku da harshen kasuwa, kuma a kan abu guda za mu tsaya, wato bugun zuciya lokacin da mutum yake zaune yana hutawa. Dalilin zaɓen wannan magana kowa ya san shi. A 'yan shekarun nan sau nawa muka rufe shago muka bi gawar ɗan'uwa wanda jiya-jiya muka yi ciniki da shi? Sai ka ji an ce ai lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi. Ajali gaskiya ne, ba mai ƙara masa ko sakan ɗaya. Amma Wanda ya rubuta ajalin Shi ne ya ba mu jikin nan amana, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.

To, mu fara da lamba, tun da mu mutanen lissafi ne. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune cikin natsuwa, zuciyarsa takan buga tsakanin sau 60 zuwa sau 100 a minti ɗaya. In ta zarce 100 alhali mutum bai yi gudu ba, bai tsorata ba, ba ya zazzaɓi, wannan likitoci na ɗaukarsa abin bincike. Sai dai ko a cikin 60 zuwa 100 ɗin ma, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mai 65 da mai 95 duk ana ce musu suna cikin iyaka, amma ɗaya yana tsakiyar gona ne, ɗayan yana bakin shinge.

A birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak an yi wani bincike da aka buga sakamakonsa a shekarar 2013. An bi diddigin maza kusan 2,800, yawancinsu sa'o'inmu ne ko sun ɗan girme mu, har tsawon shekara 16. Aka gano cewa duk ƙarin bugu 10 a minti yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari a tsawon wannan lokaci. Waɗanda bugunsu yake tsakanin 81 da 90, haɗarinsu ya ninka na masu bugu 50 zuwa ƙasa sau biyu, waɗanda suka haura 90 kuwa sau uku. Kada wannan ya firgita kowa. Ba cewa aka yi mai 90 ya je ya sayi likkafani ba. Lambar nan kamar jar fitilar gaban direba ce. In ta kama, mai hankali yakan tsaya ya buɗe bonet.

Yaya ake sanin lambar? Ba sai an kashe ko kwabo ba. Ka buɗe tafin hannunka na hagu, ka ɗora yatsu biyu na dama, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu daidai ƙarƙashin gindin babban yatsa. Ka danna kaɗan, za ka ji jijiya tana harbawa. Kada a yi da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, sai ya rikita lissafin. A dubi agogo mai sakan ko na waya, a ƙirga na minti ɗaya cur. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da asuba, ko dai da zarar an farka kafin a sauko daga gado, ko kuma bayan an dawo daga masallaci an zauna an gama lazimi, jiki ya kwanta, kafin a kurɓi shayi ko a ɓare goro. Masu na'urar awon jini a gida kuma, lamba ta uku da ke fitowa a ƙasa, wadda yawancinmu ba ma kallo, ita ce bugun zuciyar. Awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, kamar yadda cinikin rana ɗaya ba ya nuna halin kasuwa. A yi kwana bakwai a jere ana rubutawa, ko a bangon littafin bashi ne, sannan a duba inda lambar ta fi zama.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce: me ya sa zuciyar wani take gaggawa, ta wani kuwa take tafiya a tsanake, alhali jini iri ɗaya suke turawa?

Mu a Gombe ba wanda zai koya mana sha'anin ɗiban ruwa. Jikin babban mutum a zaune yana bukatar zuciya ta tura masa jini kamar lita 5 a kowane minti. Wato jarkar mai ruwa ta lita 25, minti biyar ya ishi zuciyarka ta cika ta. A yini da kwana lita 7,200 ke nan, jarka 288. Ku dubi kura nawa ke nan, kuma ba hutun Juma'a, ba hutun Sallah. To ku ɗauka yara biyu aka sa su cika randa ɗaya. Ɗaya aka ba shi babban bokiti, ɗayan ƙaramin kwano. Dukansu za su cika randar, amma mai kwano sai ya yi ta safa da marwa yana haki, mai bokiti kuwa sawu kaɗan ya gama. Haka zuciya take. Tsoka ce, nama ne kamar na damtse. Ta mutum matsakaici takan tura abin da ya kai mililita 70 a kowane bugu, don haka sai ta buga kamar sau 70 kafin lita biyar ɗin ta cika. Wadda aka horar da aiki takan yi ƙarfi, ta buɗe ta cika sosai, ta matse sosai, ta tura 100 ko fiye, sai bugu 50 ya wadatar da ita. Wadda aka bari a zaune shekara da shekaru kuwa mudunta ƙanƙancewa yake yi, sai ta rama da sauri.

Akwai kuma wani abin mamaki cikin halittar Ubangiji. Ita zuciya, da za a sakar mata mara ta yi yadda take so, kusan sau 100 za ta riƙa bugawa a minti. Amma akwai jijiyoyi iri biyu da ke tafiyar da ita kamar mahayin doki. Ɗaya linzami ce, tana ja tana cewa sannu. Ɗaya ƙaimi ce, tana zunguri in an tsorata, ko an fusata, ko ana aikin ƙarfi. Motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa hannun mai linzami. Yawan zama, da fargaba, da rashin barci, da tunanin kayan da suka maƙale a hanya, da bashin da aka ƙi biya, duk ƙaimi ne. Shi ya sa 'yan wasan gudu da tseren keke bugunsu kan sauka 40 zuwa 50 suna lafiya lau. Wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Miguel Indurain, wanda ya cinye babban tseren keke na Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito nasa bugun 28 ne kacal a minti. Mu ba can muka nufa ba, a shekarunmu wa zai hau keke ya zagaye Faransa? In mai 90 ya dawo 80, mai 80 ya dawo 72, an ci riba.

Jama'a, in muka waiwaya baya kaɗan za mu ga ba haka muka gada ba. Mu da muke zaune a garin nan, wasu iyayensu daga Kano suka zo, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu Haɗeja, wasu Sakkwato. Tun da aka dawo da fadar masarauta nan Gombe Doma a 1919 mutanenmu suke kwararowa, wasu saboda auduga da gyaɗa, wasu saboda hatsi da dabbobi, wasu bayan jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, wasu kuma bayan an ƙirƙiro jiha a 1996. Na farkon nan da ƙafa suka zo, suna kora jakuna. Kakanninsu kuma su ne fataken da ke tashi daga Kano su tafi Gwanja sarin goro, tafiyar watanni, madugu a gaba ayari a baya. Wasu da ƙafa suka ratsa Cadi da Sudan suka sauke farali. Yau jikokinsu mun riƙe goron mun saki tafiyar.

Ku dubi yinin ɗan kasuwa a Babbar Kasuwa ko Tudun Hatsi. Ya fito daga gida a Bolari ko Jekadafari ko Pantami, mashin ko Keke Napep na jiransa a ƙofar gida, ko ya shiga motarsa. A sauke shi a bakin shago. Ya hau benci ko ya kishingiɗa a kan darduma tun hantsi. In kaya za a sauke, ga 'yan dako. In canji ake nema, a aiki yaro. Banki ma da a da ake takawa a je, yanzu yana cikin waya, ko ga mai POS a maƙwabta. Masallaci taku ashirin ne. Abinci a kawo har inda yake, a bi da lemon kwalba mai sanyi. Magariba ta yi a ɗauke shi a mayar gida, bayan isha'i a sake zama a majalisa. In aka auna tafiyarsa ta ranar, da ƙyar ta kai daga nan zuwa bakin titi sau biyu. Kuma wai a wurinmu wannan shi ne alamar Allah Ya yi wa mutum buɗi. In aka ga Alhaji yana tafiya a ƙasa sai a fara raɗe-raɗi, ko dai karaya ce ta zo? Wannan kunyar ta kwantar da mutane da yawa.

Ba mu kaɗai wannan abu ya taɓa ba. A birnin Landan na Ingila, wani likita mai suna Jerry Morris ya yi nazarin ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu, ya buga abin da ya gano a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, rayuwarsu kusan iri ɗaya. Bambancin kawai, direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi, matakala ɗaruruwa kullum. Sai aka tarar ciwon zuciya mai kisa farat ɗaya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba, kusan ninki biyu. Daga wannan bincike ne duniyar likitanci ta fara ɗaukar motsa jiki a matsayin magani. Shi kansa likitan ya riƙe abin da ya gano, bai daina motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. 'Yan'uwanmu direbobi na tasha, da mu masu zaman shago, kujerar direban nan muke kai. Yaran shagonmu su ne kwandastoci.

To mene ne abin yi? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ya kuma haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti 150 ɗin nan in ka raba, rabin awa ne sau biyar. Kuma tafiya da ƙafa ta isa. Ba sai an sayi injin gudu ba, ba sai an sa gajeren wando ba, da jallabiyarka da takalmi mai laushi wanda ya riƙe ƙafa ka gama shiri.

Amma fa tafiya suna ta tara. Tafiyar rangwaɗa ta zuwa ɗaurin aure, ana tsayawa gaisuwa kowane taku goma, ba ta shiga lissafi sosai. Wadda ake nufi ita ce irin ta wanda ya ji an ta da iƙama yana son ya sami raka'ar farko amma girma ya hana shi gudu. Ma'auninta mai sauƙi ne: numfashi ya ɗaga, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana da na kusa da kai, amma ba za ka iya jan karatu mai tsawo ba sai ka yanke. In magana ma ta gagara, ka wuce gona da iri, ka sassauta. Masu son lamba, kusan taku 100 ne a minti, wato taku 3,000 a rabin awa, abin da ya kai kilomita biyu da rabi. Akwai kuma wani lissafi na kintace da ake yi, a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun da zuciyarsa ke iya kaiwa. Mai shekara 55 nasa 165 ne, a lokacin tafiya kuma ana so ya tsaya tsakanin rabin wannan zuwa kashi 70 cikin ɗari, wato daga 83 zuwa wajen 115.

Af, kafin mu manta, samarinmu masu agogon hannu mai ƙirga taku suna yawan cewa dole sai taku 10,000 a rana. Wannan lamba asalinta talla ce. Wani kamfani a Japan ne ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965 ya raɗa mata suna mai nufin taku dubu goma, don ta shiga kasuwa. Mu da muka san yadda ake kwarzanta haja ba za a yi mana wannan ba. Dubu goma ba laifi, amma wanda yake yin dubu biyu ya koma dubu biyar ko shida, shi ma ya ci babbar riba.

Wani dattijo zai ce, to ai ku da bakinku kun ce gaggawar zuciya ba kyau, yanzu kuma kuna cewa mu je mu sa ta gudu. Ba ƙarasa ta za mu yi ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta lissafin kasuwa ne. Mu ɗauka bugunka 85 ne a zaune. Ka yi tafiyar rabin awa ya hau 110. Ƙarin 25 sau minti 30, ka kashe bugu 750. Bayan wasu watanni bugunka na zaune ya sauka da 5 kacal, ya koma 80. Biyar sau minti 1,440 da ke cikin yini da kwana, bugu 7,200 ke nan ka rage wa zuciyarka. Ka zuba 750 ka kwashi fiye da 7,000, kullum. Wace haja ce a Babbar Kasuwa take ba da wannan?

Sai dai ribar ba ta zuwa ranar da aka buɗe shago. Makonni biyun farko abin da za ka samu shi ne ciwon ƙwauri da tsamin jiki. Sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi ba fashi sannan lambar asuba take fara sauka, kuma a wurin yawancin mutane saukar kaɗan ce, bugu uku, biyar, shida. Wanda ya fara da lamba mai yawa yakan fi ganin canji. Kafin lambar ma ta motsa akwai alamun da za ka gani: tudun da ke sa ka haki ya daina, in ka tsaya bayan tafiya zuciya tana komawa daidai da wuri, barci ya yi nauyi, ruku'u da sujada su yi sauƙi. Hawan jini da sukari su ma sukan sassauta. In kuma aka daina, cikin 'yan makonni jiki yake komawa gidan jiya. Ba adashi ba ne da za ka kwasa sau ɗaya ka huta.

Wanda ya daɗe bai motsa ba kada ya fara da rabin awa. Ya fara da minti goma, bayan mako ya ƙara biyar, a haka har ya kai. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ba dole sai a zama ɗaya ba, goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha'i duk ana tarawa. Dabarun ma suna nan birjik. A sallami mai mashin tun kafin a iso kasuwa, a ƙarasa da ƙafa. A bar masallacin ƙofar shago a je na gaba, malamanmu ga su nan zaune, sun sha karantar da mu ladan da ke cikin kowane taku zuwa masallaci. Saƙon da za a aiki yaro layi na uku, a tashi a kai da kai, a gaisa da maƙwabta. Garin Gombe kuma Allah Ya yi shi da tudu da gangare, duk wanda jikinsa ya fara sabawa sai ya zaɓi hanya mai ɗan hawa, ita ce ta fi horar da zuciya. Masu kusa da filin wasa na Pantami, zagaye ɗaya na hanyar gudu mita 400 ne, zagaye shida ya kusa cika kilomita biyu da rabin nan.

Lokaci kuma a duba shi. A watannin Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kai 40 a ma'auni, tafiyar rana tsaka a lokacin nan neman magana ce. Bayan asuba ko gab da magariba ya fi, kuma a sha ruwa, domin ƙarancin ruwa a jiki shi kansa yana sa zuciya gaggawa. Lokacin hunturu masu asma da tari su rufe hanci ko su jira ƙura ta lafa. Da damina a nisanci bakin kwari, kowa ya san yadda ruwa ke zuwa ba sallama a garin nan. Da azumi a mayar da tafiyar bayan tarawihi, ko a yi 'yar kaɗan dab da shan ruwa.

Wanda yake ganin abin nan baƙon al'ada ne, ya tuna ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, har sau biyu. Ya kuma tuna aikin Hajji. Sa'ayi kaɗai, sawu bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai wajen kilomita uku, ga sassarfa tsakanin korayen fitilu, ga ɗawafi, ga tafiyar jifa daga tantunan Mina kwana uku a jere cikin zafin Makka. Alhazanmu da suka je sun ga yadda manyan mutane ke zubewa a hanya, ana tura su a keke. Wanda ya biya kuɗin kujera miliyoyi, ya kamata ya fara tanadin ƙafa da zuciya wata shida kafin tashi, kamar yadda yake tanadin guzuri.

Iyayenmu mata da hajiyoyi, maganar nan har da ku, kuma mu maza mu ji da kyau. Da can daka da niƙa da jan ruwa a rijiya sun ishi mace motsa jiki. Yanzu inji ya karɓi daka, 'yan aiki sun karɓi shara, uwargida tana zaune daga ɗaki sai falo. Zuciyar mace ma bisa halitta takan ɗan fi ta namiji saurin bugu. Zagaya tsakar gida na minti goma sha biyar safe da yamma yana aiki. Zuwa Islamiyya da ƙafa tare da maƙwabta yana aiki, haka ziyarar 'yan'uwa a unguwa. Maigida ya ba da izini, ya ƙarfafa, in da hali ya raka. Amma ga gargaɗi mai nauyi: mai ciki bugunta yakan ƙaru, wannan daban. Mai jego kuwa da ta fara haki, ƙafafu suka kumbura, zuciya na dukan uku-uku, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, wannan ba gajiyar haihuwa ba ce kuma ba ta motsa jiki ba ce. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, yana da yawa a Arewacin Nijeriya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. A kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba ma so kowa ya bar wurin nan bai ji ba. Ba kowace gaggawar zuciya ce tafiya ke magani ba. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga bugu, kusan 10 ga kowane digiri ɗaya na zafin jiki. Ƙarancin jini yana ɗagawa. Ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa rama da zufa da rawar hannu yana ɗagawa. Haka goro, da kofi, da shayi mai kauri irin na majalisa, da taba, da lemukan ƙara kuzari na gwangwani da samarinmu suka mayar ruwan sha, da wasu magungunan mura da na asma. Wanda yake cin goro biyar a yini ya rage zuwa ɗaya, zai iya ganin canji tun kafin ya taka ko'ina. Saboda haka duk wanda ya auna kwana bakwai ya ga lambarsa tana haura 100, ko ya ji bugun ba ya tafiya a jere, yana tsalle yana ɗingishi, to likita zai fara gani kafin ya fara atisaye. Bugu marar tsari yana iya haifar da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Haka wanda ya san yana da hawan jini, ko sukari, ko ya taɓa ciwon zuciya, ya nemi shawara tukuna. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a hanyar Ashaka, wanda da yawanmu har yau FMC muke ce masa, ga Asibitin Ƙwararru na Jiha a Jekadafari. Awon zuciya da ake liƙa wayoyi a ƙirji ba ya cin minti goma, ba allura, ba zafi.

In kuma ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora buhu, ko zafin ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri ya ɗebi mutum, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, a tsaya nan take a nemi asibiti. Ba wurin nuna jarumta ba ne.

Masu shan maganin hawan jini kuma su lura. Akwai irinsu atenolol da propranolol waɗanda aikinsu ne rage bugun zuciya. Mai shan su zai ga lambarsa ƙasa, kuma ko ya yi tafiya ba za ta hau sosai ba, don haka shi lissafin 220 ɗin nan bai shafe shi ba, ya yi amfani da ma'aunin magana. Kada kuma wani ya ce tun da ya fara tafiya ya warke, ya ajiye magani da kansa. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana da haɗari, likitan da ya rubuta shi ne zai rage. Sannan bugun zuciya daban, hawan jini daban. Mutum na iya samun bugu 68 mai kyau alhali jininsa ya haura 140 bisa 90 bai sani ba. Kowanne a auna shi.

A ƙarshe ga roƙonmu ga shugabannin ƙungiya. Muna da asusun taimakon marar lafiya da na jana'iza, kuma Allah Ya saka wa masu zubawa. Muna ba da shawarar a cire kaɗan daga ciki a sayi na'urar awon jini guda biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, a riƙa kawowa duk ranar taro, a roƙi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ma'aikatan jinya ya riƙa aunawa yana rubutawa a littafi, kowa da shafinsa. Na biyu, kowace unguwa mutum huɗu ko biyar su haɗa kansu, su sa wurin haɗuwa bayan sallar asuba, ko kwana uku ne a mako. Mutum ɗaya shi ake yi wa kallon karaya. In aka ga dattawa biyar sun jero suna tafiya, ba mai cewa komai sai dai a gaishe su. Muna roƙon dattawan da ke layin gaba su fara, domin in sun fito ba saurayin da zai kwanta. Kowa ya auna lambarsa ta kwana bakwai daga gobe da asuba ya kawo wa magatakarda, in Allah Ya kai mu taron bayan wata uku sai a sake aunawa a gwada da ta farko.

Mai girma shugaba, mun ci lokaci, a gafarce mu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da garin Gombe da ƙasarmu lafiya.